Koya wa Ma'aikatan Jinya Kula da Tsofaffinmu

Ikilisiya ta daɗe cikin aikin jinya a ƙasarmu. An buɗe asibitin Vom a 1922, asibitin Evangel na Jos kuma a 1959. A lokacin, hankali ya fi karkata ga haihuwa, cututtukan yara, kuturta da zazzaɓin cizon sauro. Yau gadajen asibiti suna cika da tsofaffi masu hawan jini, ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki. Sai a 2012 aka buɗe cibiya ta farko ta kula da tsofaffi a Najeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan. Saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu ko makarantunmu suna shirya ɗalibai domin wannan aiki.

Da farko, dole ɗalibi ya san yadda jikin tsoho yake. Ƙoda da hanta sukan rage ƙarfi da shekaru, don haka maganin da saurayi zai sha lafiya yana iya daɗewa a jikin tsoho har ya sa shi jiri ya faɗi. Wanda ba ya iya motsi, in ba a juya shi kamar kowace awa biyu ba, fatarsa takan yi gyambo. Tsohuwar da ta rikice farat ɗaya, wataƙila ƙarancin ruwa ne a jiki ko ciwon mafitsara, kuma ana iya maganinsu. Mantuwar tsufa kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ce. Mun san yadda ake zargin irin waɗannan iyaye da maita a ƙauyukanmu. Nas da ta san wannan ciwo tana iya yi wa iyali bayani, ta ceci tsohuwa daga wulaƙanci.

Na biyu, dole ya san al'adar majinyaci. Dattijo da yawa ya fi iya bayyana ciwonsa da Birom, Angas, Tangale ko Bura fiye da Hausa, balle Turanci. Tsohuwa tana jin kunyar buɗe jikinta gaban saurayi sa'an jikanta, sai ta ce "da sauƙi" alhali tana shan azaba. Wani ya sha jiƙo ko sassaƙe a gida, amma in aka yi masa tsawa zai ɓoye, ga shi kuwa haɗuwarsu da maganin asibiti na iya yin lahani. Maƙwabcinmu Musulmi mai ciwon sukari yana bukatar a zauna da shi a tsara lokutan magani kafin azumi. Gaisuwa kafin tambaya, da kiran mutum Baba ko Mama maimakon lambar gado, su ne suke buɗe bakinsa.

Nassi ya riga ya koya mana haka. Littafin Firistoci 19:32 ya haɗa girmama mai furfura da tsoron Allah, a 1 Timoti 5:1-2 kuma Bulus ya umarci Timoti ya ɗauki tsofaffi kamar iyayensa.

Mene ne namu a ciki? Shugabannin da ke kula da makarantun jinya na ikilisiya su tabbata kowane ɗalibi ya yi makonni yana aiki da tsofaffi kafin ya gama. Zumuntar Mata ta riƙa tafiya da ɗalibai ziyarar gwauraye da tsofaffin da ba sa iya zuwa sujada, su auna jini, su saurara. Iyaye mu koya wa 'ya'yanmu harshen gida. In mun kai tsoho asibiti kuma, mu faɗa wa nas dukan abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu masu wannan aiki haƙuri da hikima. Amin.