Harsashi Mai Kogon Baki da Mazubinsa

Kalmar harsashi daga Larabci aka aro ta, watau rasas, darma ke nan, don kuwa da darma ake zuba shi. A Amurka akwai maharba masu zuba nasu a gida. Mai son irin mai kogon baki yakan nemi mazubi mai ɗan tsinke, wanda ke barin rami a goshin harsashin. Mazubin baƙin ƙarfe ya fi ƙarko, amma yakan yi tsatsa. Na alminiyam ba nauyi, sai saurin lalacewa. Wannan harsashi buɗewa yake yi cikin nama, saboda haka yarjejeniyar birnin Hague ta 1899 ta haramta shi a yaƙi tsakanin ƙasashen da suka sa hannu. Amurka kuwa ba ta sa ba.