Sayen Taya Sai Ka Ce Sayen San Amalanke

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa Gidan Rumji, ta gifta gefen Maraɗi, ta bi ta Cadawa da Agiye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. Sai dai gero da wake da ayar da ke cika kasuwannin yankin ba a bakin kwalta suke fitowa ba. Direban da zai ɗauko su dole ya sauka: ya hau birji mai gargada da tsakuwar marmara, ya kutsa rairayi, ya bi ta gefen gonaki inda kututturen kara da ƙayar aduwa ke jiransa. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, da damina kuma laka ta karɓi aiki. Taya ɗaya ce za ta haɗiye wannan duka.

Manomin Agiye da ya je kasuwa sayen san amalanke ya riga ya san yadda ake sayen taya, ko da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ba ya ruɗuwa da sheƙin fata ko girman tozo, domin mai neman ja daban yake da mahauci.

Abin da yake fara yi shi ne buɗe bakin sa, don haƙori ba ya ɓoye shekaru. Ita ma taya tana da nata haƙoran. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo da aka shigo da ita daga Turai kan zo da zane mai zurfi, an goge ta tana ƙyalli, alhali robar ta bushe ta fara tsattsagewa. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara in ta yi shekara 5 tana aiki, a kuma sauke ta in ta kai 10 ko da zanenta bai cinye ba. A duba kuma ko akwai hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a ciki. Galibi wannan tayar sanyi ce, robarta mai laushi, an yi ta don ƙasashen dusar ƙanƙara. Zafin Maraɗi cinye ta yake yi da wuri.

Daga baki sai manomi ya shafa haƙarƙari da ƙirji, ya ga ko akwai ƙashin ɗaukar kaya. A kan birji, taya ba kasafai take mutuwa ta ƙasanta ba, ta gefe take mutuwa: tsinin dutse ya yanke ta, ko rami ya matse ta da ƙarfen wili ta yi ƙulu. Ramin ƙusa mai faci zai toshe shi, amma yankan gefe ba shi da magani mai ɗorewa. Saboda haka motar kaya irin Hilux ko Hiace tana son taya mai harafin C, kamar 195R15C, wadda aka yi wa gefe mai kauri, galibi da alamar 8PR. Lambar nauyi ma tana nan a rubuce: 106 na nufin kilo 950 a kan taya guda, 110 kuma kilo 1,060. Mai lodin buhunan aya har da fasinja a sama ya yi wannan lissafi tun a shago. Ga ƙaramar mota, a nemi gefe mai tsayi. A rubutu irin 185/70 R14, lamba 70 ce ke nuna tsayin gefen. Siririyar taya ta gayun birni, mai 45 ko 50, ba ta da naman da zai shanye dukan gargada.

Sai kofato. Zane mai santsi na kwalta yana zamewa a tsakuwa. Zane mai manyan ƙusoshi, wanda ake rubuta wa M/T, gwani ne a laka, amma yana gurnani a kwalta, yana shan mai, a rairayi kuma yana haƙa wa mota rami. Wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, rabi birji, tsaka-tsakin ya fi masa, wato A/T.

Babu manomin da ke haɗa ƙaton sa da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya, don amalanke zai yi ta karkata, duka biyun su gaji. Haka tayoyi biyu da ke kan gindi ɗaya: girmansu ɗaya, zanensu ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. In kuɗin biyu kawai ake da shi, masu ƙera taya sun ce sababbin su tafi baya, domin bayan mota ne ke wulla ta in ta zame a kwana.

Bayan saye sai kiwo. Ana auna iska da safe taya na da sanyi, bisa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. A rairayi mai zurfi ana rage ta don taya ta shimfiɗe, amma da an hau kwalta sai a mayar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Wanda ba shi da famfo a mota kada ya fara ragewa.

Mai shago zai ce maka, “Alhaji, wannan ai kamar sabuwa ce.” Kada ka yi musu da shi. Ka durƙusa ka karanta gefenta, ka sa hannu ciki ka laluba ko akwai tsohon faci, sannan ku fara ciniki. Arhar da za ta kwantar da kai tsakanin Gazawa da Gangara da lodin wake, hadari na tasowa, ta fi kowace taya tsada.