Wasan Dariya da Ya Koya wa Yara Baƙaƙe

Duk wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1970 da 1980, kuma ya taɓa zama gaban akwatin talabijin, da wuya ya manta da shirin nan na yara mai suna Sesame Street. Waɗannan yara yau sun zama iyaye, wasu ma har da jikoki. Amma in hira ta biyo ta kan shirin, sai a ga fuskarsu ta washe. Wannan ya tuno ƙaton tsuntsun nan da ya fi kowane mutum tsawo. Wancan ya tuno dodon da ba ya ƙoshi da biskit. Wani kuma ya tuno mai baƙin rai da ke zaune cikin kwandon shara, yana yi wa kowa tsawa.

A wancan lokaci talabijin ba kayan ƙauye ba ne. Yaron 'Yankara, ko na Sabuwa, ko na ƙauyukan Ƙanƙara, yakan gan shi ne in an je da shi Funtuwa, ko Zariya, ko Kaduna, gidan wani ɗan'uwa ma'aikaci. Ba kuma wuni ake yi ana kallo ba. Sai wajen la'asar tasha take buɗewa. Yara su cika tsakar gida, wasu su leƙo ta taga. Yawancin akwatunan baƙi da fari suke nunawa, don haka da yawa sai da suka girma suka san ashe tsuntsun nan ruwan ɗorawa ne, dodon biskit kuwa shuɗi.

Gidan talabijin na farko a Arewa an buɗe shi a Kaduna a 1962. A 1977 aka haɗa gidajen talabijin na ƙasa ƙarƙashin hukumar NTA. Sesame Street kuwa baƙo ne, daga Amurka aka kawo shi, kuma da Turanci ake yin sa.

Yadda aka ƙirƙiro shi

An fara nuna shirin a Amurka ranar 10 ga Nuwamba, 1969. Wata mata mai suna Joan Ganz Cooney da wani masani, Lloyd Morrisett, su ne suka kawo shawarar. Abin da suka lura da shi ba wani boyayye ba ne. Yaro ƙarami yakan haddace waƙar talla tsaf, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Talla gajere ne, yana da kiɗa, yana da ban dariya, kuma ana maimaita shi kullum. Sai suka ce, to, me zai hana a tallata wa yara baƙaƙe da lambobi kamar yadda ake tallar sabulu? Haka kuwa aka yi. Kowace rana shirin yana da harafinsa da lambarsa. A ƙarshe sai a sanar cewa harafi kaza da lamba kaza ne suka ɗauki nauyin shirin yau, kamar dai wasu attajirai. 'Ya'yan talakawa aka fi nufi da shi, waɗanda iyayensu ba su da halin kai su makarantar share fage.

Ba da ka aka yi aikin ba. Kafin a nuna wani yanki, sai a gwada shi a gaban yara. A ajiye talabijin, a gefensa kuma a riƙa haska wasu hotuna dabam, ana canza su bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wani yana zaune yana lura da idon yaran. In sun bar shirin sun koma kallon hotuna, to wannan yanki bai yi ba, sai a gyara ko a jefar. A wajen gwajin ne aka gano cewa da zarar mutane su kaɗai suka fito suna magana, hankalin yara sai ya tafi. In 'yan tsanan nan masu magana suka fito, sai ya dawo. Wani gwani mai suna Jim Henson shi ne ya ƙera su. Masana sun so a raba mutane dabam, 'yan tsana dabam, don kada a rikita yara. Idon yara ya kayar da shawarar masana, aka gwama su wuri ɗaya. Binciken da aka yi a 1970 ya nuna yaran da suka fi yawan kallo sun fi sauran gane baƙaƙe da lambobi.

A 1971 kamfanin ya fito da wani shirin, The Electric Company, don yaran da suka riga suka shiga firamare amma karatu ya ƙi zama. An yi shi har 1977, kashi 780. Morgan Freeman, wanda daga baya ya yi suna a finafinai, yana cikin 'yan wasan. Akwai wata dabara a cikinsa da ta cancanci a tsaya a kanta. Sai a nuna inuwar fuskoki biyu suna duban juna. Ta farko ta faɗi rabin kalma, rabin ya fito a rubuce daga bakinta. Ta biyu ta faɗi sauran, shi ma ya fito. Sai rubutun biyu su matso su haɗu, fuskokin su faɗi kalmar tare. Da a Hausa ne, ɗaya ta ce gi, ɗaya ta ce da, su haɗa baki su ce gida. Duk sirrin koyon karatu yana cikin wannan ɗan wasa. Kowane harafi yana da sautinsa, in an jera sautuka sai kalma ta fito.

Abin da ya rage a faɗa

Masu begen shirin sukan manta da abu guda. Yaron da bai ji Turanci ba, dariya ya fi samu a ciki, ba karatu ba. Ya ga dodo ya cinye harafi, ya yi ƙyaƙyatawa, amma bai san kalmar da aka faɗa ba. 'Ya'yan ma'aikatan birni su suka fi cin moriyarsa.

Masu ba da dariya da Hausa kuwa ba a rasa su ba. Ga Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Ga Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Ga Karkuzu daga Jos. Rabin dariyar Samanja daga murɗa harshe take, irin Hausar bariki, kuma washegari sai a ji yara suna kwaikwayonta a hanyar makaranta ba kuskure. Kunnen yaro ke nan, ba abin da yake wuce shi. Sai dai aikin waɗannan gwanaye gyaran halin manya ne, ba koyar da baƙaƙe ba. An yi asara a nan. Da an ba Samanja allo da alli, da wani zancen ake yi. Sai a 2011 aka fara Sesame Square, wanda aka shirya a Nijeriya aka nuna a NTA, da 'yar tsana Kami da abokinta Zobi mai son doya. Daga baya aka yi na Hausa, Dandalin Sesame.

Dabarar kanta kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ta. Ana fara wa yaro da babbaƙu, sannan farfaru, sannan ya koyi haɗa su. Malaman da ma sun laƙaba wa haruffa sunayen da yaro zai ji daɗin faɗi, irin su ba guje, mim jaye da ha kuri. Harafi ya zama kamar wani mutum mai suna da kama. Abin da Amurkawa suka yi da 'yan tsana ke nan. Majigi ma ya yi nasa aikin, ya koyar yana ba da nishaɗi. Dattawa suna tuna fim ɗin Baban Larai na shekarun 1950, mai nuna yadda ake noman zamani. Mutanen Daudawa, garin auduga, ba sai an ba su labarin irin wannan koyarwa ba.

Hausa ta fi sauƙi

Masu shirin Amurka sun sha wahala saboda rubutun Turanci ba ya bin faɗi. Harafi ɗaya yakan yi sauti biyu ko uku. Wani kuma a rubuta shi, a ƙi faɗinsa. Kalmar wuƙa a Turanci da k ta fara, amma ba mai furta shi. Hausar boko ba haka take ba. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u. In yaro ya san sautin b, ya haɗa shi da su, ya sami ba, be, bi, bo, bu. Gobe a ƙara masa k. Jibi yana iya karanta baki da buka da kansa.

Inda ake tuntuɓe shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, sai kuma 'y. Turawan farko ba su da su a injin buga littafi. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, yana sa alama kusa da harafi don a bambance. A shekarun 1930 aka karɓi masu ƙugiya, zamanin Dokta Rupert East a Zariya. Da su aka yi ta buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da littattafan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950. A lokacin kowane lardi yana da 'yar jaridarsa ta sababbin masu karatu. Ta Lardin Katsina sunanta Himma.

Ƙugiyar nan ƙarama ce, amma ita ce ke raba kura da ƙura. Mutum ya rubuta wa ɗan'uwansa cewa kura ta shigo ɗaki, alhali ƙura yake nufi, ai sai gari ya fito da sanduna. Wani ya rubuta a aiko masa da ƙaya, shi kuwa kaya yake jira. Hakimi ya kira mutum fada, mai rubutu ya sa ƙugiya inda babu ita, takarda ta zama kiran faɗa. Haka kafa da ƙafa, haka bara da ɓara. Sunayen garuruwa ma darasi ne. Ƙanƙara ƙugiya biyu gare ta. Ɗandume da mai ƙugiya ya fara. 'Yankara kuwa da 'y take farawa, irin na 'ya'ya da 'yan kasuwa. Akwai kuma ninkin baƙi, wanda ke raba dabba da daba. Mai kiwo da ya manta b ɗaya ya jawo wa kansa tambaya wajen 'yan sanda.

Masu shirya wasan Amurka sai sun zauna sun ƙirƙiro abin dariya kafin su ɗora harafi a kai. A Hausa dariyar tana nan kwance cikin kuskuren kansa. Yanzu ma kuskuren ya ƙaru, domin masu aika saƙo ta waya sun saba zubar da ƙugiya, ko da yake akwai manhajojin rubutu masu ɗauke da ita.

Me ya sa zancen ya taso yanzu

Yankin nan ya ga tashin hankali. Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kamar kwana shida, amma gwamnati ta rufe makarantu a lokacin, tsoro kuma ya daɗe a zukatan iyaye. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa akwai iyalan da suka bar gidajensu suka koma gari. Yaron da ya yi shekara biyu ko uku ba aji, in ya koma yakan tarar da ƙannensa sun wuce shi. Kunya ta hana shi buɗe baki. Daga nan sai ya daina zuwa.

Irin wannan yaro bulala ba ta yi masa magani. Wasa yake bukata, wanda in ya yi kuskure za a yi dariya tare da shi, ba a yi masa ba. Uba ko uwa da suka yi wata shida a ajin yaƙi da jahilci sun isa su yi wannan. Ba a bukatar lantarki. Gawayi da bango sun isa, ko tsinke da ƙasa.

Bayan sallar isha'i, uwa ta ce ra, babbar 'ya ta ce na, ƙaramin ya haɗa ya ce rana. In ya ci, shi zai fara ta gaba. Wata rana a zaɓi harafi ɗaya, a ce yau ranar ƙ ce. Kowa ya kawo abin da ya fara da shi, ƙwai, ƙosai, ƙwarya, ƙofa. Wanda ya ce kaza ya faɗi, sai ya yi kukan kaza. Abin da ya fi yi wa yara daɗi shi ne babba ya yi kuskure da gangan. Uba ya rubuta kasa a maimakon ƙasa, ya karanta da ƙarfi yana ɗaure fuska, ya jira a kama shi. 'Yan tsanan talabijin haka suke yi. Kullum su ne wawaye, yaron da ke kallo shi ne malami.

Akwai ma inda iyaye suka fi akwatin. Talabijin ba ya jin yaro. In yaro ya ce da a wurin ɗa, shirin wucewa zai yi abinsa. Uwa kuwa tana ji, ta tsaya ta sa ya sake.

Sai a kiyaye abu biyu. A koya wa yaro sautin harafi, ba sunansa na Turanci ba. Wanda aka koya wa e, bi, si, di yakan rikice in an ce ya haɗa b da a, ya ce biye. Na biyu, kada a ja zaman. 'Yan mintoci goma sun isa, a tashi tun yaro yana son ƙari.

Wata rana yaro zai zo da tambayar da rubutu ba ya amsawa. Zai ga an rubuta rago, ya ce na layya ne ko malalaci? Ya ga kuka, ya ce na miya ko na hawaye? Hausar boko ba ta nuna tsawon wasali, ba ta nuna hawa da saukar murya. Nan sai a ce masa ya karanta jimlar duka. In an ce an ɗaure shi a turke an ba shi dusa, to na layya ne.