Yadda Ake Zabtare Bashi Daga Kuɗin Tallafi A Birtaniya

A Birtaniya, kuɗin tallafin da gwamnati ke ba marasa aikin yi da masu ƙaramin albashi ba kullum yake isa hannun mai shi a cike ba. Idan ana bin mutum bashi, ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, takan cire wani kaso tun kafin kuɗin su shiga asusunsa na banki. Kusan rabin gidajen da ke karɓar babban tallafin ƙasar, Universal Credit, ana yi musu wannan yanka duk wata.

Tsarin ya fara aiki a 2013, ya haɗe tallafi iri shida wuri guda. Ana biyansa ne bayan wata ya cika, kamar albashi, don haka sabon mai nema yakan jira kimanin mako biyar kafin ya ga ko sisi. Magidancin da ya rasa aiki, ga haya ga bakin yara, ba shi da halin wannan jira. Sai ma'aikatar ta ba shi rance marar ruwa, wanda zai iya kai adadin kuɗin watansa na farko, a riƙa cirewa a hankali cikin wata 24 (kafin Afrilun 2021 wata 12 ne kacal). Gaba kura baya sayaki ke nan: in ya ƙi rancen ya kwana da yunwa, in ya karɓa ya shiga tsarin da bashi a wuyansa. Wannan bashi ba almubazzaranci ne ya jawo shi ba, tsarin biyan ne da kansa ya haife shi.

Akwai kuma kuɗin da aka biya mutum fiye da haƙƙinsa. Dokar Universal Credit ta ba ma'aikatar ikon karɓe su ko da jami'anta ne suka yi kuskuren lissafi, mai karɓa bai ɓoye komai ba. Wasu irin waɗannan basussuka ma tsofaffi ne, an gado su daga tsohon tallafin da hukumar haraji ta HMRC ke biya, har mutum ya manta da su sai ya ga kuɗinsa sun ragu.

Sauran basussukan na waje ne: hayar gida da ta taru, kuɗin wuta da gas da ruwa, harajin ƙaramar hukuma, tarar kotu, da kuɗin ciyar da 'ya'ya bayan rabuwar aure. Nan ma'aikatar takan cire ta miƙa wa mai bin bashin. Wannan yana da amfaninsa, domin yakan hana a kori mutum daga gida ko a yanke masa wuta. Amma a Janairun 2025 babbar kotu ta yanke hukuncin cewa cire bashin haya da zarar mai gida ya nema, ba tare da an ji ta bakin ɗan haya ba, ya saɓa wa doka.

An sa iyaka ga abin da za a cire daga kuɗin cefanen mutum na wata. Da farko kashi 40 cikin ɗari ne, ya koma 30 a Oktoban 2019, sannan 25 a Afrilun 2021. A kasafin Oktoban 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da rage shi zuwa kashi 15, ya fara aiki a ƙarshen Afrilun 2025. Gwamnati ta ce gidaje miliyan 1.2 za su amfana, kowanne da kimanin fam 420 a shekara. Ga wanda ya kai shekara 25 kuma ba shi da aure, mai karɓar kimanin fam 400 a wata a 2025, yankan ya sauko daga fam 100 zuwa fam 60. Ana iya wuce iyakar idan mutum na gab da rasa muhallinsa.

Fam 60 ba ƙaramin abu ba ne ga wanda dama abin da ake ba shi da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata. Ƙungiyar Trussell, mai rumbunan raba abinci kyauta a faɗin ƙasar, ta daɗe tana cewa da yawa daga masu zuwa neman abinci gwamnati ce ke bin su bashi. Wanda yankan ya fi ƙarfinsa yana da damar roƙon ma'aikatar ta rage ko ta dakatar na ɗan lokaci, kuma ƙungiyoyi irin su Citizens Advice suna taimakawa kyauta. Rage kason ya sassauta wa talaka, amma bai taɓa jiran mako biyar ɗin da ke tura shi cin rance tun farko ba.