Uwargida, Kada Takardar Awon Jini Ta Firgita Ki

Yau maganarmu a kan wata cuta ce wadda ta fi kama mata nesa ba kusa ba, ta kan kuma daɗe tana wahalar da mace kafin a gane ta. Wata kullum a gajiye ta ke, ga jin sanyi ko da bazara, gashi na zuba, jiki na ƙara nauyi ba don ta ƙara ci ba. Wata kuwa zuciyarta na bugawa da sauri, hannu na rawa, gumi na zuba, tana ci kamar gara amma tana ramewa. A gida sai a ce ragwanci ne, ko kishi, ko sammu. In an je asibiti an ɗebi jini, sai a miƙo takarda cike da baƙaƙe da lambobi, mace ta koma gida hankalinta ya fi na da tashi.

Tushen abin wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, siffarta kamar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiranta tayirod. In ta kumbura shi ne mu ke cewa maƙoƙo, amma aikinta ya kan rikice ko babu kumburi. Ita ke zuba wani sinadari cikin jini, wanda ke tsara saurin aikin jiki duka. A takarda a kan rubuta shi T4. Sa'an nan a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar ƙwaya, ba ta fi wake girma ba, ita ke aika wa ta wuyan umurni. Umurnin nan shi ne TSH.

To, ga inda mata da yawa su ke ruɗewa, watau lissafin TSH a juye ya ke. Ki tuna da murhunki. In an ga mace ta duƙufa tana ta hura wuta, ai an san wutar ce ta yi sanyi. In kuwa ta daina hurawa ɗungum, wutar ce ta yi yawa. T4 shi ne wutar, TSH shi ne hurawar. Saboda haka in TSH ya hau, T4 ya sauka, tsokar ta yi sanyi ke nan. In TSH ya faɗi, T4 ya hau, aikinta ya wuce kima. Ga yawancin manya TSH ya kan tsaya tsakanin 0.4 da 4.0, ko da ya ke kowane ɗakin awo ya kan rubuta iyakarsa a gefen takarda. Tasu za ki duba.

Sau da yawa TSH ya kan ɗan gota kaɗan alhali T4 lafiya lau. Wannan ba abin kuka ba ne. Likita ya kan ce a sake awo bayan wata 2 ko 3, galibi ba ya hanzarin ba da magani sai lambar ta haura 10, ko kuwa mace na da ciki ko tana neman haihuwa. Awo guda ba ya yanke hukunci, domin jinya mai tsanani ta kan karkatar da shi. A watanni 3 na farkon ciki TSH ya kan sauka da kansa. Ƙwayar bayotin da 'yan mata ke sha don gyaran gashi ita ma ta kan sa awo ya yi ƙarya, sai a bar ta aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jini. Kuma kamar mace 1 cikin 20, tsokar ta kan rikice mata cikin shekarar da ta haihu, a yi ta cewa wahalar goyo ce. Ki gaya wa likita duk waɗannan, kada ki ji nauyi.

In awo ya fito daidai amma jiki bai daina ba, ba a ce ƙarya ki ke yi ba. Ƙarancin jini da ciwon sukari da yawan damuwa duk su kan kawo irin alamun nan. Ki koma a ƙara dubawa.

Wadda aka ba lebotairoksin don tsokar da ta yi sanyi, ta sha da ruwa da sassafe, ta jira rabin awa ko awa guda kafin koko. Ƙwayar ƙarin jini kuwa a raba su da awa 4. Bayan mako 6 zuwa 8 a ke sake awo a ga ko maganin ya isa. Kada ta bari don ta ji sauƙi, da yawa muddin rai su ke sha. Wadda aka ba kabimazol don tsokar da ta wuce kima, in ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ta dakatar da shi ta tafi asibiti ran nan, ba gobe ba.

Game da maƙoƙo, rashin aidin a abinci na cikin manyan dalilansa, shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya. Ki sayi na cikin leda mai shaida, ki rufe shi nesa da zafin murhu. Rogo kuma a jiƙa shi sosai kafin a ci.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan aikinku ne. In Inna ko Goggo ta komo da takarda, ku karanta mata, ku rubuta ranar da alamun suka fara, ku adana tsofaffin takardu wuri guda don likita ya gwada su da sabuwa. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.