ANNOBAR NUMFASHI: ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO, DA AIKIN HAKIMI

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, su san abin da binciken likitoci ya nuna game da annobar da ke kama numfashi, da kuma abin da ya wajaba a kansu in irinta ta sake ɓullowa.

Wannan irin ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Cikin watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya kawo wata muguwar mura Ikko, daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa da hanyoyin fatake har ta game Arewa. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. A lokacin ba wanda ya san abin da ke kawo ta, sai a 1933 waɗansu likitoci uku a Landan suka gano ƙwayarta. Mura ta sake game duniya a 1957, da 1968, da 2009. Sa'an nan a watan Disamba na 2019 wata ƙwaya dabam, wadda ake kira korona, ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai ita a Ikko.

YADDA TAKE YAƊUWA

Da fari an fi ƙarfafa wankin hannu da goge kaya, don ana zato ta nan ciwon ya fi wucewa. Da bincike ya yi nisa sai aka tabbata iska ce babbar hanyarsa. Mai ciwon in ya yi tari, ko ya yi magana, ko ma numfashi kawai, yakan fitar da ƙwayoyin cikin ɗigon danshi ƙanana ainun waɗanda ido ba ya gani. A fili iska takan watsar da su. A ɗaki rufaffe kuwa sukan taru su yi ta yawo kamar hayaƙin murhu, kowa yana shaƙa.

Ga misali. A watan Maris na 2020, a jihar Washintan ta Amurka, mutum 61 suka taru a zaure ɗaya suna koyon waƙa har awa biyu da rabi, ɗaya daga cikinsu yana da ciwon. Bayan 'yan kwanaki fiye da 50 suka kamu, biyu suka rasu.

Abu na biyu da aka gano ya fi wannan wuyar sha'ani. Bayan ƙwayar ta shiga jiki takan yi kamar kwana biyar kafin alamu su fito, wani lokaci har kwana 14. Amma tun saura kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi ya fara, mutum yana iya shafa wa wasu. Waɗansu ma har su warke ba su san sun kamu ba. Saboda haka killace wanda ya kwanta kaɗai ba ya isa, sai an bi sawun waɗanda suka zauna tare da shi.

MAGANI DA RIGAKAFI

Likitocin Jami'ar Okasfod a Ingila sun gwada magunguna a kan dubban majiyyata. Sukan raba su kashi-kashi ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗansu maganin, waɗansu a yi musu jiyyar da aka saba, sa'an nan a kwatanta. A watan Yuni na 2020 suka bayyana cewa wani tsohon magani mai araha, deksametason, ya rage mutuwa da sulusi ga waɗanda inji ke taimaka wa numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke shaƙar iskar oksijin. Ga wanda ciwonsa bai kai haka ba bai yi amfani ba, don haka likita kaɗai ke ba da shi. Wannan gwaji kuma ya nuna wani ɗan'uwan kulorakwin, wanda aka yi ta yayatawa, bai ceci rai ba.

An fara allurar rigakafi a Ingila ran 8 ga Disamba 2020, kashin farko kuwa ya iso Nijeriya a watan Maris na 2021. Allurar ba ta hana kamuwa ɗungum, amma tana rage tsananin ciwo da mutuwa ƙwarai, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini. Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar gaggawa, ko da yake ƙwayar tana nan.

AMFANIN RAJISTA

Nan ne aikin malamai ya fito fili. A watan Afrilu na 2020 aka yi ta rasuwa a Kano, akasari dattawa, masu haƙa kabari kuwa suna cikin waɗanda suka fara lura da yawan. Da yake ba a gwada mafi yawan mamatan ba, sai da masu bincike suka bi gida-gida suna tambayar iyalai. A watan Yuni Ministan Lafiya ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Da ana rubuta kowace rasuwa a ranarta, ana kuma duba jimla mako-mako, da an farga tun da wuri.

ABIN DA AKE BUKATA GA HAKIMI

1. Ya umarci dagatai da masu unguwa su kawo labarin kowace rasuwa, malami ya rubuta rana, da shekarun mamaci, da irin ciwon.

2. In rasuwa ta fi yadda aka saba, ko zazzaɓi da tari suka yawaita a gari ɗaya, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar. Kada a jira sai an tabbata. Tabbatarwa aikin likita ne.

3. Lokacin annoba a yi zaman fada da na ta'aziyya a fili ko a inuwa, a taƙaita su. A buɗe tagogin masallatai da makarantu.

4. Majiyyaci ya zauna ɗaki mai iska, mutum ɗaya ya yi jiyyarsa, su biyun su rufe hanci da baki da takunkumi, a kuma dinga wanke hannu da sabulu. In numfashi ya fara yi masa wuya a kai shi asibiti nan da nan.

5. Kada a kunyata gidan da ciwon ya shiga, gama wanda ya ji tsoron gori ɓoyewa zai yi.

6. In allura ta zo, hakimi ya fara karɓa a gaban jama'a.

Ba wanda ya san ranar da wata annoba za ta zo sai Allah. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Rajistar da aka saba cikawa lokacin lafiya ita za ta yi rana. Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a gaban dagatai, a kuma ajiye ta a ofis. Allah ya kiyaye mu, amin.