SHAIDAR KIRISTOCIN MAIDUGURI TA KOMA KAN TAKARDA

Duk wanda ya taɓa shiga sujadar Hausa ran Lahadi, ko a Maiduguri ko nan Ikko ko Badun, ya san lokacin da ake kira ba da shaida. Mutum zai miƙe a gaban jama'a ya faɗi abin da Allah ya yi masa, ko warkewa daga ciwo, ko haihuwa lafiya, ko dawowa daga tafiya, jama'a su ce amin, ya zauna. Da an tashi sujada magana ta bi iska ke nan.

To, a Maiduguri al'amarin ya fara sakewa, domin abin da mutane suke ɗauke da shi yanzu ya fi ƙarfin minti biyar. Cikin watan Yuli na 2009, lokacin tarzomar Boko Haram, an rushe babbar majami'ar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, watau EYN, da ke Wulari. Cikin 2014 kuma Gwoza ta faɗa hannun 'yan bindiga, jama'a suka kwararo cikin birni, harabar majami'u ta zama masauki. Ita EYN ɗin, wadda aka kafa tushenta a Garkida cikin 1923, har hedkwatarta ta Kwarhi aka ƙwace a watan Oktoba na 2014. Waɗanda suka ga abin da ya faru sun warwatsu, wasu Jos, wasu Kamaru, wasu Kudu wajen gadi da acaɓa, tsofaffi kuwa suna ta mutuwa. Shi ya sa wasu suka ga gara su rubuta.

Yadda aka saba koya wa sabon mai bi, shaida kashi uku ce: yadda yake a da, yadda ya karɓi Almasihu, da yadda zamansa ya sake. Amma mutumin da aka haifa cikin ikilisiya, kakansa ma a can aka yi masa baftisma, ba shi da labarin tuba. Nasa labarin shi ne daren da ya gudu, da wanda ya bari a baya, da ko ya iya yin addu'a a kan dutse ko kuwa bakinsa ya mutu. A nan alƙalami yake cijewa. A baki mutum ya iya cewa Allah ya cece ni, ya yi shiru. A takarda kuwa sai ya faɗi gari da rana, sai kuma ya yanke shawara ko zai ambaci maƙwabcin da ya nuna gidansa, da maƙwabci Musulmi da ya ɓoye shi. Na farko yana iya tono gaba, na biyu yana iya jawo wa mai alheri hatsari, don haka da yawa sukan bar wurin suna fili.

Akwai kuma batun harshe. Babur ne ko Margi ko mutumin Chibok, da harshen gida yake kuka, amma da Hausa yake karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara bugawa cikakke cikin 1932. Saboda haka da Hausa yake rubutu, ko da ba ta ishe shi ba.

Misalin da ya fi shahara daga kudancin Jihar Barno ya fito. Cikin 'yan mata 276 da aka sace a makarantar Chibok ran 14 ga Afril 2014, akwai Naomi Adamu da Sarah Samuel. Littattafan rubutu da aka raba musu don darasi su ne suka mayar wurin ajiye labarinsu a ɓoye, da Turanci da Hausa, har da ayoyin da suka iya tunawa. In an kama littafi ƙonewa ake yi, mai shi kuma ta sha bulala. Da aka saki 'yan mata 82 cikin watan Mayu na 2017, Naomi ta fito da abin da ya tsira a ɓoye a jikinta, har da rubutun Sarah, wadda ba ta cikin waɗanda aka saka. Daga waɗannan takardu ne duniya ta ji cewa maharan injin buga bulo suka je nema a makarantar, sai da suka yi gardama tsakaninsu kafin su kwashi yaran. Ba don an rubuta ba, da wuya a san wannan.

Dokta Rebecca Dali, ita ma 'yar EYN, ta bi wata hanya dabam. Ta riƙa bin waɗanda suka tsira tana rubuta sunayen mamatansu, har aka baje kimanin sunaye 10,000 a taron 'Yan'uwa na Amurka cikin 2015.